An sa mini sabon kwatangwalo, amma komai namu a ƙasa yake

Wannan rubutun zai yi tsawo, wanda datarsa ke gab da ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu wata. Tun da muka dawo wannan zangon karatun tambayoyi uku ake ta jefo mini, a hanya, a bakin famfo, a cikin saƙo. Wai haɗari na yi? Wai da gaske ƙarfe ne a jikina? Kuma tunda an ce an yi aiki an gama, me ya sa har yanzu nake yawo da sanda da matashi kamar wata kaka? Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, a tsaye kuma, alhali tsayuwar ma da lissafi nake yin ta. Shi ya sa na ce bari in samu kujera mai tsayi in zauna in rubuta sau ɗaya.

Ba haɗari na yi ba. Sikila ce, ni SS ce. Iyayena sun yi aure a Kagoma lokacin da babu wanda ke tambayar takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure, su biyun AS ne, cikin mu biyar ni ce ta faɗo a kaina. Ba wani abin mamaki ba ne a ƙasar nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai wajen dubu 150 ake haifa da sikila kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. To in ka lissafa ɗaliban ajinku, da wuya a rasa irina, sai dai in ta ɓoye.

Abin da yawanci kuka sani game da mu shi ne ciwon ya tashi, a kwashe mu a kai asibiti, a sa ruwa, a yi allura, bayan kwana biyu mu dawo idanu sun yi rawaya. Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, shi ne abin da ciwon ke yi wa ƙashi a hankali. Ƙwayar jinin mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, sai ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa a cikin kwatangwalo, hanyoyin da ke kai masa jini 'yan kaɗan ne. In suka toshe, ƙashin ya rasa abinci, sai ya mutu daga ciki. Da farko ba a ganin komai, ko a hoto. Daga baya nauyin jiki ya rinƙa danne shi har ya lotse kamar ƙwallon da iska ta fita. Ba SS kaɗai ba, har masu SC yana kama su sosai.

Nawa ya fara ne a 2021, wani ciwo a matse-matsin dama, wani lokaci ya sauko har gwiwa. Wani mai kemis ya ce sanyi ne, wata maƙwabciya ta ce amosani, aka yi ta shafe-shafe. Sai da ta kai ba na iya ɗaga ƙafa in hau mashin, ƙafar dama kuma ta fi ta hagu gajarta, sannan aka ɗauki hoton ƙashi a 2022. Likita ya ɗaga hoton ya nuna wa Baba, ya ce kan ƙashin ya riga ya rushe, babu maganin da zai tayar da shi, sai dai a cire a sa na roba da ƙarfe. Ya lissafa mana inda mutanenmu suka fi zuwa: asibitin ƙashi na Dala a Kano, Shika a Zariya, Jos, ko Abuja.

Duk wanda ya fito daga ɓangarenmu ya san me ake nufi in aka ce "sai citta ta fito". Kuɗin makaranta, rufin kwano, aure, asibiti, duk a gonar citta suke kwance. Baba ya ƙara faɗin gonarsa a 2023 saboda ƙafata. A daminar ce kuma cutar nan ta faɗa wa citta, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko har mu nan Jema'a. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, in ka tona sai ruɓa. Ko irin da za a shuka baɗi bai fita ba. A shekarar ce aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, shi kuwa ƙarfen da ake sa wa mutum daga waje ake kawo shi. Kuɗin da aka faɗa mana da farko ya tashi ya bar mu a tsaye. Haka na ƙara kusan shekara biyu ina ɗingishi. Yadda aka haɗa kuɗin labari ne na daban: an sayar da fili, zumuntar mata ta cocinmu ta yi baiko na musamman, kawuna da ke Kaduna ya ci bashi a wurin aikinsa, wasu daga cikinku ma kun tura abin da Allah ya hore muku. Ban manta ba.

An yi aikin a Kano a watan Maris na 2025. Shi kansa aikin ba ni da labari mai yawa a kansa, don awa biyu zuwa uku ne, kuma rabin jikina a mace yake. Sun yanke mataccen kan ƙashin, suka soka ƙarfe a cikin ɓargon cinya mai dunƙule a samansa, suka sa wani ƙoƙo a kwatangwalo inda dunƙulen zai rinƙa juyawa. Wani likita ɗan Ingila mai suna John Charnley ne ya daidaita irin wannan aikin tun farkon shekarun 1960, don haka ba sabon abu ba ne a duniya. Kafin a shiga da ni sai da aka ƙara mini jini, don mai sikila ba a yi masa babban aiki da jininsa a ƙasa. Bayan an fito aka ba ni wani ɗan bututu mai ƙwallaye a ciki, kowace awa in ja numfashi in ɗaga su. Na ɗauka wasan yara ne, sai nas ta ce, "Ƙanwata, wannan ne ke tsare miki ƙirji. Ku abin da muke tsoro bayan aiki shi ne ciwon ya tashi a huhu." Kwana biyu da aiki aka miƙar da ni tsaye, na dafa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu na yi taku shida. Mama ta fashe da kuka, ta fara kiran 'yan gida a waya tana cewa an gama, Allah ya yi.

Ranar da za a sallame mu, matar da ke sashen gashin ƙashi, wadda muke kira Anti fisiyo, ta zaunar da ni da Mama ta ba mu dokoki. Ba kowa ake ba irinsu ba, ya danganta da ta inda likita ya shiga, ni ta baya aka yanka ni. Ta ce har wata uku, in na zauna kada gwiwata ta fi ƙuguna tsayi. Kada in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kada in murɗa ƙafar zuwa ciki. Kada in sunkuya in ɗauki abu a ƙasa. In zan kwanta in sa matashi tsakanin cinyoyi. Dalili kuwa, naman da ke riƙe da gaɓar an yanka shi an ɗinke, kafin ya haɗe dunƙulen na iya zamewa ya fita daga ƙoƙonsa. In ya fita, ta ce, ba mai ɗori za a kira ba, asibiti za a dawo. Mama ta ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, 'yata ba ta da rawar kai."

Sai da muka iso gida, bayan tafiyar kusan yini guda ina kwance a kujerar gaba da aka kwantar, muna tsayawa kowace awa in taka ƙasa saboda kada jini ya daskare a ƙafa, sannan na gane me waɗannan dokokin suke nufi. Ku tsaya ku dubi gidajenmu da idon wanda aka hana shi tsuguno. Tabarma a ƙasa. Katifa a ƙasa. Murhu a ƙasa, kujerar da ake zama a gabansa 'yar tsuguno ce. Wanki a sunkuye, wanke-wanke a sunkuye, tsintsiyarmu ko kamu uku ba ta kai ba. Turmi, dutsen niƙa, bokitin wanka, tulun ruwa. Kwanon tuwo a ƙasa ake ajiye shi a kewaye. Masai kuwa rami ne. Ban taɓa lura ba sai lokacin: tun daga safe har dare, rayuwar mace a gidanmu tsakanin gwiwa da ƙasa take gudana. Likitoci sun gyara mini gaɓa cikin awa uku, suka mayar da ni gidan da babu abu ɗaya da ya kai tsayin da aka ce in zauna.

Baba bai yi dogon magana ba. Washegari ya ɗauko igiya ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwata, ya ƙara ɗan yatsa huɗu, ya ƙulla. Da igiyar nan ya tafi wurin kafinta a Fadan Kagoma. Aka yi mini kujerar katako mai hannu biyu, aka huda tsakiyarta, aka ɗora a kan masai. Aka sa bulo biyu-biyu a ƙarƙashin ƙafafun gado. Mai walda ya lanƙwasa wani rodi ya zama abin ɗauko kaya daga ƙasa. Ƙanina ya ɗaure soso a jikin sanda don in wanke ƙafa. Igiyar nan har yau tana cikin jakata, duk kujerar da ban yarda da ita ba sai na auna.

Abin da ya fi ba ni wahala a gida ba masai ba ne, gaisuwa ce. A wurinmu yarinya ba ta gaida babba a tsaye. Mutane kuwa sun yi ta zuwa dubiya, dattawan coci, 'yan zumunta, dangin Baba daga ƙauyuka. Kowa ya shigo ya tarar da ni a kan kujera mafi tsayi a gidan, su kuma a ba su benci ko tabarma. Ka ga tsoho mai furfura yana ɗago kai yana kallona, ni ina sama kamar sarauniya. Jikina da kansa yake so ya zame ya durƙusa, sai Mama ta daka mini tsawa daga bakin ƙofa. Wata gwaggona da ba ta san zancen ba ta ce, "Ashe zuwa Kano har gaisuwa yake canza wa mutum?" Kakata ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ku bar mini jikata. Durƙuson da ta yi mini shekara ashirin ya ishe ni, sauran na yafe." Daga ranar duk wanda ya shigo ita ke fara yi masa bayani kafin ya zauna.

A ɗakin da aka kwantar da mu a Kano akwai wata Hajiya daga Katsina da aka yi wa irin aikina, ita faɗuwa ta yi. Tambayarta ta farko ga likita ita ce yaushe za ta kai goshinta ƙasa. Ya ce ta yi salla a kujera tukuna. Na ga yadda abin ya dame ta duk da ta san an halatta mata. Lokacin ban fahimce ta sosai ba, sai da aka ce "mu durƙusa mu yi addu'a" a ɗakinmu, kowa ya sauka, ni kaɗai na rage a sama.

Sai motsa jiki. Wallahi da a ce abu ne mai ban tsoro da ya fi sauƙin yi, amma abu ne mai ban haushi. Ki kwanta ki motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Ki danna bayan gwiwa a katifa ki ƙirga biyar. Ki matse ɗuwawu ki saki. Ki ja diddige zuwa sama kaɗan, ki mayar. Ki buɗe ƙafar gefe, ki dawo da ita. Sau goma-goma, sau uku a rana, kullum. Babu wanda zai ga kina yi ya ce sannu da aiki. Anti fisiyo ta yi mini bayanin da ya zauna mini a kai: ƙarfen ba ya tafiya da kansa, nama ne ke tuƙa shi. Shekara huɗu ina ɗingishi, naman gefen ɗuwawu da ke riƙe ƙugu daidai in mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya ya shanye, ƙwaƙwalwata kuma ta haddace tafiyar karkace. Ko da ciwon ya tafi, jikin bai samu labari ba. Shi ya sa kuke ganin har yanzu ina ɗan jirkicewa, musamman da yamma in na gaji.

Ta kuma gaya mini wani abu da ya kamata duk mai irin lalurata ya sani. Jadawalin da ke cikin littattafansu, mako kaza a ajiye wannan, mako kaza a fara wancan, yawancinsa an gina shi ne a kan tsofaffin da gaɓarsu ta cinye saboda shekaru, amma ƙashinsu na kowa da kowa ne. Wanda aka haife shi da lalurar da ta taɓa ƙashi, kamar mu, ko masu cutar nan da ke sa ƙashi ya yi ta karyewa tun suna jarirai, lissafinsa daban ne. Ƙashin mai sikila wani wuri ya yi tauri ya toshe, wani wuri ya yi laushi, yana iya tsagewa lokacin da ake soka ƙarfen, kuma ƙwayar cuta ta fi saurin kama mu. Don haka ni sai da na yi mako shida ina taka ƙafar rabi-rabi da sanduna biyu, alhali Hajiyar Katsina, mai shekara sittin da wani abu, ta riga ni ajiye nata. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kuma motsa jikin kansa tarko ne gare mu: in kin yi kaɗan nama ba zai dawo ba, in kin zafafa kika yi gumi kika bushe, ciwon ya tashi. A mako na biyar ya tashi mini a baya da haƙarƙari, aka kwantar da ni kwana huɗu a Kafanchan. Da na fito, abin da na tara na ƙarfi ya zube, kamar an mayar da ni mako na biyu.

Daga Kagoma ba kullum ake samun kuɗin mota a je wurin masu gashin ƙashi ba. Abin da ya cece ni WhatsApp ne. Ƙanina ya ɗauke ni bidiyo ina tafiya daga bakin rijiya zuwa gindin mangwaro, mu tura wa Anti fisiyo, in ta tashi daga aiki ta turo murya: "Kina jefa kafaɗa. Rage tsawon taku. Sandar a hannun hagu, ba dama ba." Eh, wannan ma mutane da yawa ba su sani ba, sanda ɗaya a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen ƙafar da aka yi wa aiki ba. Sau uku a makarantar nan wani ya tsayar da ni yana gyara mini riƙon sanda.

To, makaranta. Na jingine zango ɗaya, na dawo bayan wata biyar. Dokar wata uku ta wuce, an sassauta mini, amma likita ya ce tsuguno har ƙasa da zaman tabarma in ci gaba da guje musu, kuma in kiyayi faɗuwa fiye da komai, don in ƙashi ya karye a gefen ƙarfen gyaransa ya fi aikin farko wuya. Da wannan na shigo hostal.

Da aka raba gadaje, sunana ya faɗo a bene, gadon sama. Na kai takardar asibiti ofis, aka ce wanda zai sa hannu ya tafi taro. Na koma, aka ce in rubuta takardar roƙo. Na rubuta, aka ce rabon ya riga ya shiga kwamfuta. Mako biyu ina kwana a ɗakin wata 'yar garinmu a cikin gari. A ƙarshe ba ofis ne ya warware ba, wata ɗaliba 'yar Zonkwa da ban taɓa sani ba ta ji labari a bakin famfo ta ce mu yi musanya, ta ba ni gadonta na ƙasa a ɗakin ƙasa. Gadon ma ya yi ƙasa da yawa, sai da muka nemo bulo.

Banɗakin hostal ba sai na ba ku labarinsa ba, kun san shi. Na tsuguno ne, ƙasan kullum a jiƙe, gansakuka a kowace kusurwa, ƙwan wuta ya mutu tun bara. Ku abin ƙyama ne kawai, ni kuwa kowace shiga caca ce da kuɗin filin Baba. Kujerar katakon nan sai da aka ɗoro ta a mota daga Kagoma. Kwanakin farko ina jin ana dariya in abokiyar ɗakina ta ɗauko ta muna tafiya, har wata ta sa mata suna "kujerar mulki". Yanzu sunan ya bi ta, ni ma haka nake kiranta. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, mai sikila dole ta sha ruwa kamar lita uku a rana, kuma ƙodarmu ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa. Ma'ana zuwa banɗaki ya fi na kowa yawa, har cikin dare. Akwai ranakun da na rage shan ruwa da gangan don kawai babu mai raka ni, ina sane da abin da hakan ke iya jawowa. Wannan zaɓin ne nake so masu gina banɗakunan makarantu su sani ana yin sa.

Ɗakin lacca kuma bencinsa a manne yake da tebur, gajere, an matse layi da layi. Matashin da kuke gani ba don jin daɗi ba ne, tsayi yake ƙara mini. Ina bukatar bakin layi don in miƙe ƙafa, kuma bayan minti arba'in dole in tashi in ɗan tsaya. Wani malami ya ga na miƙe ana tsakiyar darasi ya ce in na gaji da ajinsa ƙofa a buɗe take. Bayan an tashi na bi shi na ce, "Sa, ba raini ba ne," na nuna masa takarda. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce me ya sa ban faɗa tun farko ba. Gaskiyarsa, amma malamai tara nake da su wannan zangon. Sau tara ke nan zan tsaya in buɗe tarihin jikina a gaban mutum, wani a gaban ɗalibai. Da akwai ofis ɗaya da zai karɓi takardar sau ɗaya ya sanar da kowa, da an hutar da mu duka. Kwas biyu kuma a hawa na biyu ake yin su. Hawa, ƙafa mai lafiya ce gaba. Sauka, sanda da ƙafar aiki ne gaba. Mataki ɗaya-ɗaya, ga jama'a na turowa daga baya don kowa na son kujerar gaba. Shi ya sa nake zuwa minti ashirin kafin lokaci, in kuma bari kowa ya fita kafin in sauko. Masu cewa ina da son karatu, na gode, amma tsoron turereniya ne.

Akwai doka fa. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, aka ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ku zagaya ku ƙirga mini gine-gine nawa ne a makarantunmu ke da hanyar da ba matakala ba, ko banɗaki ɗaya tak mai kujera da ƙarfen dafawa. Ni ba lif nake nema ba, na san inda muke. Banɗaki ɗaya a kowane hostal, da mayar da aji ɗakin ƙasa in akwai mai bukata a cikinsa. Kuɗin bai kai na fentin ƙofar shiga da ake sabuntawa duk lokacin bikin yaye ɗalibai ba.

Mashin kuwa na yi sallama da shi. Ɗaga ƙafa a haye, ga ramuka, ga faɗuwa in tsautsayi ya zo. A Kafanchan in ka cire mashin daga lissafi ka cire rabin zirga-zirgarka. Keke napep nake jira, in zauna a gefen da zan miƙe ƙafa, wani lokaci in biya kuɗin mutum biyu. Kuɗin abincina na wata kusan kashi ɗaya cikin uku a nan yake tafiya.

Kalmar da ta fi yi mini nauyi ita ce, "Ai kin warke." Da alheri ake faɗinta, na sani. Kuma ta wani gefen gaskiya ce: ciwon da ya hana ni barci shekara huɗu ya tafi, ranar da na fara kwana har safe ban farka ba sai da na yi kuka. Ƙafafuna sun dawo kusan daidai. Amma da zarar an ce ka warke sai a janye hannu. Lokacin da ake tara kuɗin aiki kowa ya tsaya, don aiki abu ne mai rana da adadi. Watannin da ke biye ba su da hoton da za a sa a Facebook. Ba wanda zai yi baiko don kuɗin keke napep ko na komawa Kano a duba ƙarfe. Ban faɗi haka don in raina abin da aka yi mini ba, Allah ya sani. Na faɗa ne saboda iyalin da ke tara kuɗin irin wannan aikin yanzu: ku lissafa da na bayansa, ku auna masai da gado tun kafin a tafi asibiti, ku nemi lambar mai gashin ƙashi kafin a sallame ku.

Masu tambaya ta bayan fage ko zan iya aure da haihuwa, har da wadda ta tambayi abokiyar ɗakina maimakon ni: na tambayi likita tun kafin ku. Mata masu irin wannan ƙarfen suna ɗaukar ciki suna haihuwa. Abin da zai sa a sa mini ido in lokacin ya zo sikilar ce, ba ƙarfen ba. Wanda zai zo kuma ya zo da takardar gwajinsa a hannu, AA, mu gan ta da idonmu, don ni abin ya tsaya a kaina.

Ƙarfen ma ba na har abada ba ne. Wani babban bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna kusan shida cikin goma na irin wannan gaɓar suna kai shekara 25, kuma yawancin waɗanda aka ƙirga tsofaffi ne da ba sa yawan zirga-zirga. Ni shekarata 23. Ko ya yi mini kirki ya kai ƙarshen lissafin, ina da wani aikin a gabana kafin in kai hamsin. Shi ya sa ba na gudu, ba na tsalle, ba na ɗaukar jarkar ruwa a ka, ko ranar da nake jin kamar zan iya. 'Yan ɗakinmu sun raba ɗibar ruwana a tsakaninsu, ni kuma ina yi musu kitso da bitar darasi kafin jarabawa, a zaune.

Sanyi ya kusa, kun san yadda hunturun Kafanchan yake in iska ta sauko daga duwatsun Kagoro, kuma lokacin ne ciwonmu ya fi tashi. Jarabawa kuma a cikinsa za ta faɗo. Na riga na kai takarda ina roƙon a ba ni kujera a ɗakin ƙasa, kusa da ƙofa, nesa da taga. Wakilin ajinmu, in kana karantawa, don Allah ka taya ni bibiya, kada sai ranar a ce ba a gan ta ba. A watan Disamba zan koma Kano a ɗauki hoton ƙafar dama, kuma likita ya ce a haɗa da ta hagu, don tun watan jiya ta fara yi mini irin maganar da 'yar'uwarta ta fara yi a 2021.

In akwai wata ko wani a makarantar nan da aka ce masa kan ƙashinsa ya fara mutuwa, ko aka sa masa ranar aiki, ya same ni ta saƙo, ba sai ya rubuta a ƙasa kowa ya gani ba. Zan turo masa awon kujerar da bidiyon motsa jikin. Sandunana biyu na farko ma suna nan a ƙarƙashin gado, sai dai robar ƙasan ɗaya ta cinye, sai an canza.